Fam Biyar na Misis Ackrill

Shekara goma sha tara jitata tana ƙarƙashin gado,
tsakanin kwalin kayan Kirsimeti da takalman da ɗana ya girme.
Ranar da na jawo ta, tsirkiya biyu sun yi tsatsa,
ta ukun ta tsinke, ta tsarge mini yatsa,
kamar mai cewa: sai yau?

Gavin ne ya fara kira.
Tun bai yi magana ba na gane shi da tarinsa.
Ya ce, "Mu sake faifai ɗaya."
Na ce, "Da kuɗin wa?"
Ya ce, "Da na yaran da suke tsalle a gabanmu
har rufin kulob ya riƙa ɗigar da gumi."
Na ce, "Yaran nan bashin gida suke biya yanzu,
rabinsu gwiwa ta hana su hawa bene."
Ya ce, "To, ai mu ma."

Muka buɗe asusun karo-karo, fam dubu tara.
Da yayyafi kogi kan cika,
mu kuwa a Grimsby yayyafi ba baƙo ba ne.
Goma daga mai gyaran famfo a Hull,
ashirin daga ma'aikaciyar jinya
wadda ta ce da waƙarmu ta sallami saurayinta na fari,
kuma har yau ba ta yi da-na-sani ba.
Wani ya ba da ɗari biyu
don sandar gangar Kelvin, karyayya, mai shatin haƙora.

Situdiyon tsohon ɗakin ajiyar kifi ne,
bango bai daina ƙarni ba.
Leanne ta zo da jita a kafaɗa, jan biro a gashi,
tana makin jarrabawar ɗalibai tsakanin waƙa da waƙa.
Kelvin ya haɗiyi maganin ciwon baya,
ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da saurin dā,
minti biyu ya yi jajir kamar gauta.
Muryar Gavin ta je inda ta saba hawa,
ta tarar an ɗauke tsani.
Muka sauko da waƙar mataki biyu,
ba wanda ya dubi idon wani.

A dā duk waƙoƙinmu zance ɗaya ne:
gobe za mu bar garin nan, ko waiwaye babu.
Ga ni, bas nake tuƙawa a titunan da na zaga.
Sai Gavin ya rubuta wa mahaifinsa,
wanda ke gidan tsofaffi yana kiransa da sunan ƙanensa.
Muka kaɗa ta da gudu, da ƙara,
don in an sassauta wani zai yi kuka.

Suna ɗari huɗu da sha biyu za a buga a bayan faifai.
Na ƙarshe a ambulan ya zo, aka zuro ta ƙasan ƙofa:
Misis Ackrill, mai katanga ɗaya da garejin su Kelvin,
wadda ta kira mana 'yan sanda har sau huɗu,
ta karya sandar tsintsiya a bango saboda mu.
Fam biyar, an ninke ta, da 'yar takarda:
"Tun da kuka daina, titin nan sai ƙarar firji.
Har yanzu ba na son kiɗanku.
Ku ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Kwafin farko ita muka kai wa, mu huɗu a falonta,
muna tsaye kamar masu jiran hukunci.
Ta saurara har ƙarshe, shayinta ya huce a hannu.
Ta ce, "Har yanzu ba ku iya ba."
Ta nuna na'urar da haɓa.
"Kelvin, sake sa ta ukun."